Wa Ke Jan Igiyar Banɗaki?

Yayarsa ce ta samo masa aikin. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a kantar laburaren unguwa, tana buga wa littattafai hatimi tana hararar masu hira, kuma duk ranar da ƙwan fitila ya mutu ko fanka ta tsaya sai ta ce wa Shugaba, "Yallaɓai, ai ina da ƙane mai aikin lantarki." Shugaba bai taɓa kula ta ba sai a wannan karon, da aka ce lallai a sa ƙararrawar neman agaji a banɗakin masu keken guragu.

Wata mata ce sanadin ƙararrawar. Karatun shari'a take yi daga gida, kullum kuma tana zuwa a kekenta ta kama teburin da ke kusa da taga. Tun kafin ta gama karatun kowa ya riga ya sa mata suna Lauya. Wata rana ta zame tsakanin keken da masai, ta faɗi. Banɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin tsofaffin jaridu, inda ba kowa ke bi ba. Minti arba'in ta yi a ƙasa tana dukan ƙofa da takalminta kafin Inna mai shara ta zo wucewa da bokiti. Da aka fito da ita ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Washegari ta ajiye wa Shugaba wasiƙa mai shafi huɗu, da kwafi biyu da ta ce ta riga ta aika gaba.

Shi mai aikin lantarkin shekararsa talatin da shida, 'ya'yansa uku, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a bakin Yaya har gobe shi Auta ne. Ya zo ranar Litinin da tsani a kafaɗa da kwali a hamata. Shugaba ya tare shi tun a bakin ƙofa.

"Ban yarda a fasa min bango ba. Tayil ɗin nan bara aka sa shi."

"Ranka ya daɗe, ba fasa ko ɗaya. Wannan ba ta da waya. Ta iska take magana."

Inna, wadda ta jingina da sandar mofar goge ƙasa tana kallo, ta ce, "Ba waya? To ɗan nan, kai da aikinka ke nan ja waya, ka kawo abin da zai kore ka daga sana'a?"

Aikin bai kai awa biyu ba. Ya ɗaure wani ɗan farin akwati a silin kusa da masai, jar igiya ta sauko daga cikinsa da zobba biyu, ɗaya daidai hannun mai zaune, ɗaya dab da ƙasa domin wanda ya faɗi. Ya sa fitila a saman ƙofa ta waje wadda ke kamawa idan an ja igiyar. Ya manna maɓalli na biyu a bango kusa da wurin wanke hannu, shi ma haɗe da fitilar, sannan wani kore na kashewa a bayan ƙofa. Ƙararrawar kanta akwati ce kamar ƙaramar rediyo, ya ajiye ta a kantar Yaya ya jona a soket.

Lauya ta bi shi da kekenta tun daga farko har ƙarshe, ba ta ce komai ba sai da ya zo kan koren maɓallin.

"Injiniya, me ya sa na kashewa yake ciki, ba a kanta ba?"

"Don kada wani ya kashe daga zaune, Malama. Dole sai an taso an zo an duba."

Ta dube shi da kyau. "To, ashe akwai mai hankali a cikin masu ƙera abin nan."

Saura a haɗa akwatin kanta da maɓallan. Auta ya danne wani ɗan ƙaramin maɓalli a bayan akwatin har wata shuɗiyar wuta ta fara ƙiftawa. Ya yi wa Yaya bayani: minti ɗaya akwatin zai yi yana sauraro, duk maɓallin da aka danna a cikin mintin nan zai riƙe shi, ya yi ƙara ɗaya. Ya ruga ƙarshen baranda, ya ja igiya, ya danna na bango, ya dawo yana haki.

"Sau uku ta yi," in ji Yaya.

"Biyu dai."

"Auta, kunnena ƙalau yake. Uku."

"To ƙila na danna sau biyu ne." Ya gwada igiya, ta yi kuwwa. Ya gwada maɓalli, ta yi kuwwa. Shugaba ya sa hannu a takarda, Auta ya naɗe tsaninsa ya tafi.

Ranar Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, ƙararrawar ta tashi. A wurin da ko tari aka yi sai an waiwayo, ƙarar ta zama kamar an fasa faranti goma. Yaya ta bar hatimi ta ruga, Shugaba ya fito ofis da biro a baki, Inna ta biyo su da makullin ajiya. Suka tura ƙofa. Babu kowa. Igiya tana rataye ko motsi ba ta yi.

Yaya ta danna kore, aka yi shiru. Ta dawo tana bin teburin ɗalibai da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai cikin littafi.

Ranar Alhamis ta sake tashi, sau biyu. Juma'a sau uku. Yaya ta kira ƙanenta a waya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka zo ka ɗauke min kunyar nan. Shugaba tun safe yake tambayata a ina ka sayo kayan. Gaya min gaskiya, sababbi ne?"

"Haba Yaya! A gabanki na yage kwalin."

"Kwali ai ana sake liƙewa."

Maganar ta yi masa zafi fiye da yadda ya nuna. Ya zo, ya kwance komai, ya auna batir, ya hure ƙura, bai ga komai ba. Amma ya ga wani abu da bai yi masa daɗi ba: an naɗe jar igiyar an ƙulle ta a jikin ƙarfen dafawa, can sama, inda wanda ya faɗi ba zai taɓa kaiwa ba. Ya nemo Inna.

"Inna, ke kika ɗaure wannan?"

"Ni na ɗaure. Tana shiga min cikin mofa."

"To wajen ɗaurewar ne kike jan ta, ba ki sani ba."

Ta ajiye bokiti. "Ɗan nan, ƙarfe bakwai nake wanke banɗakin nan. Abinku kuwa sai rana ta take yake haukarsa. Lokacin ina can gaba ina goge taga, kowa yana ganina. In laifi kake nema wa wurin zama, nemi wani gidan." Ta rage murya. "Ni dai na faɗa tun farko, abin da ke magana ta iska, ba ka san da wa yake magana ba."

Ya kwance igiyar, ya roƙe ta kada ta ƙara ɗaurewa. Ta ce ta ji, amma daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

Sati na biyu kowa ya samu wanda yake zargi. Yaya ta ɗora wa wasu ɗalibai uku masu yawan dariya, har ta ƙwace katin ɗaya. Inna ta daina shiga ƙarshen baranda ita kaɗai. Shugaba kuwa, da aka shiga sati na uku, ya kira Auta ofis ya rufe ƙofa.

"Kai mai sana'a ne, zan tambaye ka tsakaninmu. Mutum zai iya samun wani abu a jaka, ya danna daga inda yake zaune, abin nan ya yi ƙara?"

"Ranka ya daɗe, wa kake nufi?"

Shugaba ya nuna wajen taga da haɓa. "Ka lura duk lokacin da ya yi ƙara tana duba agogo, ta yi rubutu? Gwada mu take yi. Tana ƙirga minti nawa muke yi kafin mu isa. Wata wasiƙar ce ke tafe."

Auta ya fito, maganar ta zauna masa. Ya ja kujera bayan kantar mujallu ya yi kamar yana karanta jarida, yana satar kallon hannuwan Lauya. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata ƙararrawa ta tashi. Hannunta ɗaya yana kan littafi, ɗaya yana riƙe da biro. Ta duba agogo, ta yi rubutu. Abin da ya fi damunsa shi ne Yaya: ta ƙarasa buga hatimi a littattafai biyu, ta gyara mayafi, sannan ta miƙe a hankali kamar mai zuwa ɗebo ruwa.

Lauya ta juyo da kekenta ta nufo shi kai tsaye.

"Injiniya, jaridar a kife take. Ka gama gadina?"

Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Na san abin da ya ce maka. Ni ma ina da nawa zargin. Ina ganin wani yana so abin nan ya ishi kowa, a cire shi, a ce an gwada bai yi ba. Ka ga yadda yayarka ta tashi yanzu? Ranar da na faɗi da gaske, haka za ta tashi." Ta buɗe bayan littafinta ta tura masa. "Ga abin da nake rubutawa."

Kwanaki ne da lokuta, a jere. Babu ko ɗaya kafin ƙarfe goma sha ɗaya, babu ko ɗaya bayan ƙarfe ɗaya. Ranar Asabar, duk da cewa laburare a buɗe yake kuma ya fi cika, babu komai.

"Sannan kuma," in ji ta, "daga teburina ina hango ƙofar. Fitilarka ba ta taɓa kamawa ba."

"Ba ta kama ba?"

"Ko sau ɗaya."

Auta ya ajiye jaridar. Fitilar da guntuwar waya take haɗe da igiya da maɓallin bango. In dai an taɓa ɗaya daga cikinsu, dole ta kama.

Washegari ya zo da wuri. A gaban Shugaba da Yaya da Inna ya cire batir ɗin igiya, ya cire na maɓallin bango, ya jera su a kan kanta. Ya ce yau shi da kansa zai tsaya bakin banɗaki, duk mai shiga ya buga ƙofa in yana son taimako. Suka yi ta jira. Shugaba ya shiga ofis ya fito sau huɗu. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in akwatin ya ɗauki kuwwa, batura suna kwance a gefensa.

Inna ta saki mofa tana salati, ta ja da baya har ta bugi kantar ƙamus.

"Uku," in ji Auta, a hankali. "Yaya, ke ce da gaskiya. Uku ta yi."

Ya yi musu bayani. A cikin mintin nan da akwatin yake sauraro, wani a wani wuri kusa ya danna maɓalli irin nasu, na kamfani ɗaya. Akwatin bai san nasa da na wani ba, ya riƙe. Tun daga ranar, duk sanda mutumin ya danna, nan ake ji.

Shugaba ya sauke ajiyar zuciya har da murmushi. "Shi ke nan? To goge shi mana. Minti nawa ne?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

Ya kai hannu bayan akwatin ke nan, Lauya ta ce, "Dakata, Injiniya. Irin wannan maɓallin, ban da banɗaki, su wa ke sayensa?"

Hannunsa ya tsaya. Ya sani sarai. Kamfanin yana yin wani fari mai zare, na ratayawa a wuya. Shi da kansa ya sa shi a gidaje biyu, duk na masu jinya ne da ba sa iya tashi.

"Marasa lafiya," ya ce.

"Ke nan sati biyu da rabi wani yana kira kullum, tsakanin sha ɗaya da ɗaya. Kuma da ana zuwa masa, da bai yi ta maimaitawa ba."

Shugaba ya ce wannan ba aikin laburare ba ne, kowa ya ji da gidansa. Yaya ta dubi ƙanenta. Auta ya roƙi kwana biyu. Shugaba ya ba shi, da sharaɗin cewa ranar ta uku ko ya goge ko ya kwashe kayansa.

Saƙon maɓallin ba ya wuce mita ɗari, in akwai bango kuma bai kai haka ba. Gaban laburare titi ne da filin ajiye motoci. Baya kuwa katanga ce, gidaje biyar sun jingina da ita, ƙofofinsu suna cikin wani lungu. Auta ya zagaya da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. A gida na farko ya yi sallama, ya ce ko akwai mara lafiya a gidan. Matar ta dube shi, ta dubi jakar, ta rufe ƙofa har da sakata. A na biyu wani mutum ya fito da singileti ya ce, "Kai likita ne ko mai ƙirga gidajen da ba maza?" Na uku da ƙaton kwaɗo a ƙofa, an kulle ta waje.

Mai shagon bakin lungu, wanda tun ɗazu yake bin sa da ido, ya kira shi. Sai da Auta ya nuna masa katin sana'arsa, ya kuma kira Yaya a waya ta yi shaida, sannan mutumin ya saki jiki kaɗan.

"Mai kwaɗon nan, gidan Direba ne. Shekara talatin yana jan babbar mota. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ma ba ya fita sosai. Ɗansa yana aiki a ma'aikata, tun safe sai yamma. Ƙanwar tsohon ce ke jinya."

"To ga kwaɗo a ƙofa."

Mai shago ya fara gyara gwangwanayen madara da ba su karkace ba. "Ni shago nake tsaro, ba ƙofar mutane ba."

Auta ya zauna a bencinsa. Ƙarfe ɗaya saura kaɗan wata mata ta shigo lungun, za ta kai shekara hamsin da biyar, siririya, hannunta babu leda babu kwando, sai makulli. Ya tashi ya gaishe ta da ladabi, ya ce shi mai aikin lantarki ne, yana tambaya ko suna da ƙararrawar kiran mai jinya.

"Ba mu da wata ƙararrawa."

"Baba, fara ce, mai zare, ana rataya ta..."

"Na ce ba mu da ita." Ta zura makulli. Sai ta juyo. "Yaron nan ne ya turo ka? Ɗansa?"

"Ban ma san shi ba."

"To ka gaya wa wanda ya aiko ka, gidan lafiya lau." Ta shige ta banko ƙofa.

Ya koma ya ba Yaya labari. Ta ce ya yi hankali, kada ya sa kansa cikin rigimar dangin mutane. Lauya ta ce a nemo lambar ɗan. Mai shago yana da ita, amma ya ce ba zai bayar ba sai ya yi shawara.

Rana ta biyu, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, ƙararrawar ta tashi. Auta ya je ya danna kore. Kafin ya juyo ta sake tashi. Ya danna, ta tashi. Ya danna, ta tashi. A duk kwanakin nan ba ta taɓa yin haka ba. Ya fito da gudu ya ɗauki tsani.

Shugaba ya sha gabansa a bayan ginin. "Kai! Katangar mutane za ka haura da rana tsaka? Daga cikin harabata?"

"Leƙawa kawai zan yi, ranka ya daɗe."

"In aka yi maka ihun ɓarawo, ban san ka ba."

Lauya ta iso tana tura kekenta a kan tsakuwa da ƙyar. "Yallaɓai, ceton rai ba sata ba ne, muddin akwai shaidu. Ga mu nan mu huɗu. Inna, don Allah zagaya ki taho da mai shago, ki ce ya kira ɗan yanzu."

Inna ta tafi da sauri irin wanda ba a taɓa ganin ta yi ba. Yaya ta riƙe ƙafar tsani. Auta ya hau ya leƙa. Ɗan tsakar gida ne mai siminti, igiyar shanya, tankin ruwa, sai wani ɗaki da ƙofarsa a buɗe. A bakin ƙofar ya ga kujera a kife, da ƙafar mutum.

Ya dira ta kan tankin. Tsoho ne babba, mai faɗin kafaɗa, kwance a gefensa tsakanin kujerar da ƙofar banɗaki. Goshinsa ya fashe kaɗan, wandonsa a jiƙe. Hannunsa mai lafiya yana damƙe da farin maɓalli a ƙirjinsa, babban yatsa yana ta dannawa. Ta saman katanga Auta yana jin ƙararrawarsa can nesa tana amsawa.

"Baba, ya isa. An ji. Ga ni."

Tsohon ya ɗago ido. Ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito bai zama kalma ba. Auta bai ɗaga shi ba, don bai san ko wani ƙashi ya karye ba. Ya jawo matashi ya sa masa a ƙarƙashin kai, ya ɗauko zane daga igiya ya rufa masa daga ƙugu zuwa ƙasa, ya zauna a simintin ya riƙe masa hannu. Sai da ya zare yatsan daga kan maɓallin da kansa.

Suna nan aka buɗe ƙofar gida. Matar jiya ce, mai shago da Inna a bayanta. Da ta hango baƙo a tsakar gida ta buɗe baki za ta yi ihu, sai idonta ya sauka a kan yayanta. Ta durƙusa inda take. "Yaya! Na ce ka jira ni. Na ce kada ka tashi."

Su uku suka ɗaga shi a hankali suka kai shi gado. A falo Auta ya ga akwatin ƙararrawarsu a saman firji, an rufa masa ƙyalle mai ado. Yana jone a soket, amma makunnin a kashe yake.

Ɗan ya iso a babur, da rigar ma'aikata da hular kwano a hannu. Ya duba mahaifinsa, ya kira wani malamin asibiti da suka sani, sannan ya fito falo. Ya ga makunnin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Gwaggo, wa ya kashe wannan?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"In zan fita nake kashewa. Ko a kunne take, wa zai ji? Bango?"

"Fita? Ina kike zuwa? Kullum na tambaye ki, ki ce kina gida."

Ta zauna a hannun kujera, ba ta dubi kowa ba. "Shekara uku ina ɗaga shi, ina wanke shi, ina ba shi a baki. Kai ka fita da safe ka ga mutane. Ni wa nake gani? Da ka kawo abin nan sai ya zama ko ƙuda ya sauka masa sai ya danna. Nakan kai shi ɗakin baya kusa da banɗaki, in ajiye masa ruwa, in fita awa biyu. Akwai benci a bakin titi, gaban shagon mai ɗinki. Zama nake yi ina kallon motoci."

"Motoci," in ji ɗan.

"Motoci."

Bai yarda ba, fuskarsa ta nuna. Mai shago ya dubi silin. Shi kansa Auta bai san abin da zai gaskata ba. Abu ɗaya dai ya gane: ɗakin gaba ya yi nisa, shi ya sa ba a ji sai an kai tsohon ɗakin baya, jikin katanga. Ranar Asabar kuwa ɗan yana gida.

Sai ɗan ya juyo kansa. "Kai kuma wane ne? Ta ina ka shigo?"

Auta ya faɗa masa komai, tun daga ranar Litinin ɗin farko.

"Sati nawa ke nan?"

"Ya kusa uku."

"Sati uku kuna jin babana yana kira."

"Ba mu san shi ba ne. Mun ɗauka kayana ne suka lalace."

"Me kuke yi in ya kira?"

Auta ya ce, "Mukan kashe."

Mutumin ya kaɗa kai. Bai yi godiya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce Auta ya fita ta ƙofa, kuma ya raba akwatinsu da maɓallin mahaifinsa tun yau, ba ya son sirrin gidansa yana kuwwa a cikin jama'a. Sai bayan kwana huɗu ya zo laburare da kansa, ya tsaya a kanta yana juya hular kwano, ya ce a gaya wa mai lantarki babu karaya, kuma tsohon yana ta nuna katanga yana son a kira masa shi. Auta ya je. Tsohon ya riƙe hannunsa kusan rabin awa, yana ba shi wani dogon labari wanda Auta bai fahimci ko kalma biyar a ciki ba, sai dai ya gane akwai mota da gada a cikinsa.

A laburare ya goge komai ya sake haɗawa, da sassafe. Shugaba ya sa aka buga takarda aka manna a bango, cewa duk ma'aikacin da ya ji ƙara ya tashi nan take, ya kuma sa hannu a ƙasa da manyan baƙaƙe. Bai ba Lauya haƙuri ba, amma ya sa aka zuba siminti a kan tsakuwar bayan ginin. Ita ma ba ta janye nata zargin da baki ba. Inna ta samo wata dabara: takan saƙale igiyar a kafaɗarta in tana goge ƙasa, ta sake ta in ta gama.

Ɗan Direba ya nemi a sauya masa lokacin aiki, aka ƙi. Sai ya ɗauko wata 'yar kawunsa, bazawara mai ƙarfi da yawan surutu, tana zuwa kullum daga ƙarfe goma zuwa biyu. Makulli ya zama biyu.

Wajen wata guda bayan haka, da hantsi, Yaya ta ɗago kai daga hatimi ta ga Gwaggo tsaye a gaban kanta. Ta gane ta daga kwatancen Auta, ta ɗauka rigima ce ta biyo su. Ta ajiye hatimin, ta gyara zama.

Matar ta dubi dogayen kantocin littattafai, da fankoki, da mutanen da ke zaune shiru.

"'Yar nan, sai wanda ya iya karatu ake bari ya zauna?"

"A'a, Gwaggo. Kowa yana iya zama."

"Ba a tambayar mutum me ya kawo shi?"

"Ba a tambaya."

Ta zaɓi kujera a can lungu, bayan kantar taswira, ta ajiye makullinta a kan tebur. Yaya ta kai mata wani babban littafi mai hotunan tsuntsaye. Wata rana takan buɗe, wata rana ta yi barci a kansa. Ƙarfe ɗaya da rabi take tashi. Auta yana zuwa farkon kowane wata ya gwada batir, kuma kusan duk zuwansa yana tarar da ita a wurin. Yakan gaishe ta, ita kuma takan juya shafi.